'Yan Mata Huɗu A Wayar Dattijo

Jiya da hantsi na tsaya a bakin shagonmu na ɗaurin kaya a kasuwar Murshid Bazar, nan Dubai, na kasa kunne, ban ji komai ba sai kukan salatef da ƙarar amalanke a lungu. Mutum tara ne ke aiki a ciki, kowa da farin zare a kunnensa, kowa yana gyaɗa kai shi kaɗai kamar ƙadangare a kan katanga, ba wanda ya san abin da ɗan'uwansa yake ji. Waya ma ta daina kuka irin na da. Yanzu mutum sai ya danne gilashi da yatsa, ya yi ta magana a gindin wayar kamar mai tofi a ƙoƙo, ya saki, maganar ta tafi ita kaɗai. Ba kira, ba jira. Ni kuma watan gobe bizata za ta ƙare, gwiwoyina sun ce khalas, an gama, ba su sabuntawa. Idan na tafi, layin da na riƙe tun zuwana garin nan zai mutu, da shi da abin da ke kansa. Shi ya sa na ari biro. A yi haƙuri da rubutun. Ajin yaƙi da jahilci na yi, wata biyar, rabinsu kuma a bencin baya ina kiɗa da yatsu, har malamin ya ce in zaɓi ɗaya, ko baƙi ko kalangu. Ban samu ko ɗaya ba.

Yatsun nan su ne asalin maganar. Tun ina yaro a ƙauyenmu ba sa zama wuri ɗaya. In an aike ni rijiya, sai na kaɗa gindin guga kafin in zura shi. In ina kiwon awaki, na kaɗa cinyata. Mata na lugude a tsakar gida, ni ina bayan rumbu ina cike musu gurbin da taɓarya ta bari. Kakata ta kan dube ni ta ce, "Wannan yaron shi yana nan, yatsunsa suna wani gari." Mu ba makaɗa ba ne, manoma ne, don haka ba wanda zai saya mini ganga. Sai na samu wani gwangwanin madara, na goge shi da toka har yana ƙyalli, na rataya da tsumma. Ranar kasuwa, in la'asar ta yi sanyi, 'yan talla sun sayar sun kife faranti, sai 'yan mata su taru a gindin tsamiyar bakin kasuwa su yi gaɗa. Wanda bai gani ba, ga yadda take: su yi rabin da'ira, ɗaya ta bayar da waƙa, saura su amsa, tafi yana tafiya, sai wata ta fito tsakiya ta juya baya ta saki jiki ta faɗo, su cafe ta su cilla sama. Ba ganga a gaɗa, tafi ne gangarta. Amma ni sai in raɓe a jikin tsamiyar da gwangwanina ina bin su a hankali, suna korata ina dawowa.

Mai bayar da waƙar wata siririya ce mai wushirya, muryarta kuwa ana jin ta daga mahauta. Da ta ga kora ba ta yi mini, sai ta sa ni a waƙa. Lokacin riga ɗaya gare ni, kuma yawanci tana kan igiya.

*Mai gwangwani, ina rigarka?*
*Ayye, ta tafi wanki.*
*Bara ma wanki, bana ma wanki,*
*Ayye, kogin da nisa.*

Kasuwa gaba ɗaya ta ɗauka. Har masu awon hatsi in sun gan ni sai su ce, "Ya labarin kogi?" Na yi fushi na kwana biyu, a na uku na koma gindin tsamiyar. Bayan damina uku na aure ta. Ranar da aka kawo ta, yayan mahaifina, wanda shi ne babban gidan, ya kira mu ya ce a gidan nan ba a waƙa, ba a kiɗa, wanda ya girma ya girma. Ta sunkuyar da kai. Ni kuwa da sabuwar riga a wuyana, ina jin kaina maigida, na ce, "To, Baffa." Na jefa gwangwanin a bayan danga. Daga ranar ban ƙara jin muryarta a waƙa ba, sai ɗan gunguni in tana rarrashin jariri, shi ma da ta ji takuna take haɗiyewa. Ni ma na koyi zama a kan hannuna a gaban mutane.

Daga noma na koma birnin Kano ɗaurin dila a kasuwar atamfa, na yi shekaru a can, har wani Alhaji mai harkar kargo, wanda na girme shi nesa ba kusa ba, ya lura ƙullina ba ya kwancewa ko an jefo kaya daga saman mota. Shi ya kawo ni Dubai. Aikin dai shi ne na gida, sai dai zafin nan ya fi, kuma abokan aikin kowa da yarensa, magana rabi da baki rabi da hannu: yalla, shwaiya, khalas, sauran kuma a nuna da haɓa. 'Yan kasuwa su sayo kaya su zube mana, mu jera a kwali, mu naɗe da leda, mu sa a buhu, mu ɗinke, mu ɗaure, a kai sito a Jebel Ali a cusa a kwantena. Tun da karatuna bai taka kara ya karya ba, kowane mai kaya da alamar da nake yi masa: wannan kan zakara, wancan tsani, waccan Hajiyar ido biyu, don ba abin da ke wuce ta. Saboda haka ni na san inda kowace dila take, kuma lambata ce ke hannun kowa. Wayar ƙarama ce mai madannai, irin wadda in ta faɗi ƙasa tayil ne ke jin jiki. Uwar 'ya'yana kuwa ranar Juma'a kaɗai muke magana, ni ke kira. "Kuna lafiya?" "Lafiya lau." "Yara?" "Lafiya." "Ya zafi?" "Da godiya." Sai mu yi shiru muna jin numfashin juna, sai in ce to, ta ce to. Haka muka yi shekaru, kuma ni a ganina zaman lafiya ke nan.

Shekarar da aka buɗe jirgin ƙasan nan mai tafiya a sama ba direba, wata rana injin matse dila ya tsaya mana a sito. Na kira Baban Ladi, mai gyaran wutarmu, wani Kirista daga wajen Kafanchan, mutum mai dariya da dukan cikinsa. Maimakon in ji ƙirrr-ƙirrr, sai na ji waƙa. 'Yan mata ne, baƙaƙen Amurka, su huɗu. Daga baya aka ce mini waƙar ta cika duniya a lokacinta, ni kaɗai ne ban sani ba. Ban ji ko kalma ɗaya ba. Amma ɗaya tana bayarwa, uku suna amsawa, ga tafi a ƙasa, kas, kas-kas, kas, ga wani wuri da muryar babbar take sakin jiki ta faɗo, sauran su cafe ta su cilla sama. Na ce a raina, yau ga gaɗa da Turanci. Ban ankara ba, babban yatsana ya sauka a kan madannan wayar yana bin su. Baban Ladi ya ɗauka, na faɗa masa injin, ya ce yana zuwa, na mance da zancen. Abin da ban sani ba, akwai wata mata da ke magana a cikin waƙar tana cewa duk mai so a sa masa ita a layinsa ya danna tauraro. Yatsana kuwa ya danna tauraro ya fi sau goma. Saƙo ya shigo, na ga rubutu ne mai yawa, na share. Kuma sharrin abin, mai layi ba ya jin waƙar layinsa. Mai kira ne ke ji.

Daga ranar duniya ta canja mini fuska, ban san dalili ba. Hajiya mai ido biyu ta kira tambayar kayanta, ina ɗauka na ji tana dariya. "Baba, ashe haka kake? To Allah ya ƙara lafiya." Na ce amin, na duba jikina. Direbanmu ɗan Pakistan, wanda bai taɓa yi mini murmushi ba, ya fara ce mini habibi yana kaɗa kafaɗa. Wani malami mai sayen littattafai ya ce kawai, "Subhanallahi," ya ce zai turo wani. Yayana ya kira daga gida, ko gaisuwa babu. "Ka ji tsoron Allah, da furfurarka." Ya kashe. Na zauna a kan kwali ina lissafin zunubaina. Na san na taɓa sa kan busasshen kifi a aljihun jakar mai gadinmu, ta yi sati tana wari yana zargin kyanwa. Na san na taɓa yi wa mutum-mutumin shagon yadi sallama a Bur Dubai, har na ji haushi bai amsa ba. Amma wa ya kai waɗannan Kano? Na je na rage gemu. Na sayi hula sabuwa. Abin bai daina ba.

Duk wannan mai sauƙi ne. Wanda ya hana ni cin abinci shi ne na uwar 'ya'yana. Matar da ba ta taɓa kirana ba sai an yi haihuwa ko rasuwa, sai ga ta kullum tana kira, daidai mun idar da azahar a nan, su can hantsi, yara sun watse gida ya yi shiru. In ajiye allura in laluba aljihu, in ce salamu alaikum, sai ta kashe. In kira ta.

"Lafiya?"

"Lafiya lau."

"Na ga kin kira."

"Hannu ne ya taɓa."

Gobe ma hannu, jibi ma hannu. Ran nan na ɗauka tun bugun farko, sai na ji ta ja tsaki kafin ta kashe. Da na kira ta ce, "Kai kuma Malam saurin me kake yi? Ba aiki ne a gabanka ba? Ka bar waya ta yi kukanta mana." Na tsaya riƙe da waya a tsakiyar lungu, masu amalanke suna ta yalla-yalla a bayana. Mace ta kira ka kullum, amma ba ta son jin muryarka. Na juya shi ta kowace fuska, fuska biyu kawai na samu: ko wata cuta ce likita ya faɗa mata take neman bakin faɗa mini, ko kuma ta gaji da auren mutumin da take gani sau ɗaya a shekara biyu, tana tara ƙarfin halin da za ta ce in ba ta takardarta. Ran Juma'a na shiga abra, kwalekwalen da ke tsallaka da mutane, na je Bur Dubai ban sauka ba, na dawo ban sauka ba, sai da matuƙin ya tambaye ni da hannu ko ruwan nake son saya. Ranar ban kira ta ba. Tsoro nake ji kada ta faɗa.

Wata biyu ana haka. Sai ran nan Alhaji ya shigo shago fuska a ɗaure, Baban Ladi na kan tsani yana gyara fanka.

"Baba, ina son magana. Mutane suna ta yi mini ƙorafi. Kai ne fuskar shagon nan, malamai na kiranka, matan mutane na kiranka."

"Alhaji, don girman Allah me na yi? In kifin nan ne, na tuba."

"Wane kifi?" Ya ciro wayarsa, ya danna lambata, ya buɗe muryar wayar kowa ya ji. Aljihuna ya fara kuka, tasa wayar kuma ta fashe da tafi, kas, kas-kas, kas, 'yan matan nan huɗu suka cika shagon.

Na ce, "A'a, wannan ai waƙar Baban Ladi ce."

"Lambarka na kira, Baba."

Baban Ladi ya sauko daga tsani da ƙyar, ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. "Dattijo! Satar mini 'yan mata ka yi? Ni na cire su tun tuni, madam ta ce ko su ko ita. Ashe gidanka suka tare!" Sai da ya share hawaye sannan ya yi mini bayanin tauraro. Na dubi babban yatsana. Shekara arba'in ina zaune a kansa, rana ɗaya na ɗaga.

Na ce, "To me suke cewa?"

"Ka tabbata kana son ji? Wani suke yi wa, wanda ya yi tafiya ya daɗe. Suna ce masa kada ya wahalar da kansa ya dawo, sun daina leƙen hanya."

Nan kaina ya ƙarasa kwancewa. Wato wata biyu ke nan matata tana kira, wayata tana ce mata an daina leƙen hanya. To wa ke korar wa? Ni ne na yi tafiya, amma waƙar a layina take. Ko tana ganin ni na sa don in gaya mata magana? 'Yarmu ta ƙarshe ta yi sakandare, tana jin Turanci, ƙila ta fassara mata tun ranar farko. Alhaji ya ce, "A cire yau, kafin la'asar." Na miƙa wa Baban Ladi wayar, na ce ya kore su.

Ya karɓa, ya juya ta, bai danna komai ba. "Dattijo, ka ce kullum madam na kira?"

"Kullum."

"In ka ɗauka ta kashe?"

"Ta kashe."

"Ni dai wuta na sani, ban san mata ba. Amma tawa in ta yi fushi, ko na mutu ba ta kira. Yau in ta bugo, ka bari ya yi nisa, sannan ka ɗauka, kada ka yi sallama. Ka rufe bakin nan naka sau ɗaya."

Muka yi azahar, shi yana jiranmu a bakin shago. Ko takalmi ban gama sawa ba aljihuna ya ɗauka. Na shige bayan dilolin, na bar ta ta yi kuka har na ji kamar za ta yanke, sannan na danna, na haɗiye sallamata. Da farko tafi na ji. Ba na Amurka ba, wannan tafin hannu biyu ne masu kaushi, waɗanda suka sha wanki da tuƙin tuwo. Ashe ajiye wayar take yi a kan tabarma ta buɗe muryarta ta wayar don hannunta ya samu sarari. 'Yan matan sun yi shiru tun da na ɗauka, amma ita ta yi nisa, ba ta lura ba. Muryar ta tsufa, ta yi ƙasa, amma da na ji ta sai na ji ƙanshin tsamiya.

*Mai gwangwani, ina ka shiga?*
*Ayye, ya tafi wanki.*
*Bara ma wanki, bana ma wanki,*
*Ayye, kogin da nisa.*

Ita ke bayarwa, ita ke amsa wa kanta, don ba kowa a gidan. Ban san lokacin da na manne wayar da kafaɗa ba. Akwai wani gwangwanin da muke zuba allurai a ciki, na kife shi, alluran suka watse, na bi ta. Ta yi baiti ɗaya a kan kiɗana kafin ta farga. Sai tsit.

"Malam? Kai ne?"

Na ce, "Hannu ne ya taɓa."

Sai na ji dariyar nan da ban ji ba tun gindin tsamiya, wadda take ƙarewa da tari. Ta ce, "Tsohon banza." Na tambaye ta ko ta san abin da 'yan matan ke faɗa. Ta ce auta ta gaya mata tun satin farko. "Ai gaskiya suka faɗa, sai dai ni ban daina leƙen ba, wuyana ne ke ciwo. Tafin nake so. Amma mai bayarwar nan numfashinta gajere ne. Da a gaɗarmu ce, ba ta kai faɗuwar rana."

Na fito na samu Alhaji, na ce ya yi haƙuri, 'yan matan nan ba inda za su. Ya buɗe baki, Baban Ladi ya ja shi gefe ya yi masa magana a kunne. Washegari Alhaji ya kawo sabon layi na shago, mai ƙirrr-ƙirrr irin na mutanen kirki, aka raba wa 'yan kasuwa. Tsohon ya zama na mutum ɗaya. Yayana har yau yana ganin na lalace a Dubai, ban kuma gyara masa ba, don ni ma abin yana yi mini daɗi kaɗan. Muka yi ƙa'ida da ita ba tare da mun faɗa ba: kiran farko na 'yan mata ne, ba na taɓawa, in bar shi ya yi ta kuka a aljihuna ina ɗinki. Na biyu nawa ne. Shekara biyar ke nan. Kuma Juma'armu ta daina ƙarewa a "to".

Akwai abin da har yanzu ban gane ba, na kuma juya shi a abra ya fi a ƙirga. Baffan nan da ya hana waƙa, shekara uku da aurenmu ya rasu. Muka bar gidan ma gaba ɗaya muka koma birni. To sauran shekara talatin da wani abu, wa ya hana? Na tambaye ta, ta ce ita tana jira in fara kiɗa. Ni kuma wallahi jira nake ta fara waƙa. Sai da wasu yara huɗu daga wata duniya, waɗanda ba su san da mu ba, ba mu san sunansu ba, suka shiga tsakani suna korar wani mutum daban. Samarin shagonmu da farin zare a kunne, in matansu na da waƙa a ciki, ban san ta wace ƙofa za ta fito ba. Ƙila suna da tasu hanyar. Ni dai ban gan ta ba.

Satin da ya wuce na gaya mata layin zai mutu in na taho. Na ce Baban Ladi ya ce zai iya zuba mata waƙar a ɗan katin waya in kawo. Ta ce, "Bar su su huta, sun yi aikinsu. Kai dai ka taho da yatsunka." To ga ni. Na ɗaure wa mutane kaya kwantena ba adadi, nawa kuwa jaka ɗaya ce: riguna huɗu, turarenta, da gwangwanin allurai da na goge da toka har yana ƙyalli. Tokar ma sai da na roƙa a wajen mai gasa nama. Abin da ke damuna yanzu shi ne filin jirgi. In suka buɗe jakar suka ga tsoho da furfura ya naɗe gwangwani wayam a cikin sabuwar riga, suka tambaye ni na mene ne, ban san da wane yare zan fara ba.